Rumfar Hayaƙin Baban Taukir

Lahore, ƙarshen damina

Zuwa ga ƙanwata Tanzila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Ashfak da yara, kuma sanyin Kwetta bai fara cizonku ba tukuna. Mu nan sai godiya. Na so in kira ki ta wayar mai kemis, amma kin san halinsa, yakan ajiye awon magani ya saki kunne, kafin in dawo gida unguwa ta gama jin abin da na ce. Gara takarda.

Kada hankalinki ya tashi, amma saura kaɗan shagon abincinmu ya ƙone. Ranar Talata da hantsi Ustad Fazal, mai dafa mana, ya ɗora kaskon nama, sai wani baƙin maiƙo ya ɗigo daga rumfar ƙarfen nan da ke zuƙe hayaƙi a saman murhu, ya faɗa wuta. Wutar ta yi sama ta lashi rumfar. Allah ya taimaka akwai jiƙaƙƙen buhu a kusa. Girar Ustad ce kawai ta tafi, shi da dama ba wata ta kirki gare shi ba.

Sai a ranar na ɗaga kai na kalli rumfar da kyau. Tanno, tun rasuwar maigidana, baban Taukir, ba wanda ya taɓa ta. Shi yake hawa da kansa ya goge. Ni na riƙe haɗin yaji da cefane da ma'aikata, na manta akwai sama.

Maƙwabcinmu mai gurasa ya turo mini wani mutum, Karamat, wanda sana'arsa ke nan, wanke rumfunan otal-otal. Ya zo da sassafe a kan babur, tsani ɗaure a gefe. Siriri ne, furfura ta cinye masa rabin kai, ba ya da magana. Ya lulluɓe murhu da tukwane da leda, ya kwance ragar ƙarfen ya jiƙa a ruwan zafi da soda, sannan ya shige cikin rumfar har kugu yana kankara. Abin da ya fito kamar kwalta. Ya hau rufi ya kwance fankar da ke jan hayaƙin, ya wanke fikafikanta ɗaya bayan ɗaya kamar mai wa jariri wanka. Hannayensa duk sun tsage, soda ta cinye layin tafinsa, amma ko cokali ɗaya bai ture mini ba.

Da ya gama na ce a ba shi abinci. Ustad ya ɗauko wani fasasshen faranti da muke zuba wa kyanwa, ya zuba masa, Karamat kuma ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna. Raina ya ɓaci. Na karɓe farantin, na zuba masa a na baƙi, na ce a shagon baban Taukir ba a cin abinci a kan bokiti. Ya daɗe a tsaye kafin ya yarda ya zauna a kujera, ita ma sai da ya shimfiɗa jarida.

Ɗana Taukir yana gaishe ki. Aikin banki ya karɓe shi, har ya yi kumatu. Maganar aurensa da 'yar Shaikh mai yadi tana nan, bayan sallah in Allah ya yarda.

Ki shafa mini kan yara.
Yayarki, Shagufta

*

Kwetta

Baji, yayata ta kaina,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah da ya tsare. Ki yi wa Ustad jajen girarsa, ki ce na ce ya shafa kwalli a wurin, ba mai ganewa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ɗanki tilo zai yi aure, kin ba shi layi biyu a ƙarshe. Wani mai wanke rumfa kuwa an ba shi rabin shafi, har da furfurarsa, har da layin tafin hannunsa. Baji, yaushe kika fara duba tafin hannun mutane? Ashfak ya shekara nawa yana cin abincinki, in na tambaye ki launin idonsa ba ki sani ba.

Kada ki haɗe rai, daga nan ina ganinki. Wasa nake yi. Ko da yake ba duka ba.

Ba ki ce mini komai game da tarin nan naki ba. Zuwana na ƙarshe ina jin ki kina yi tun daga bene. Kin je asibiti, ko har yanzu zuma da citta ne likitanki?

Mu nan ƙaramin ya karya gilashin maƙwabta da ƙwallo, babbar kuma ta ce ita likita za ta zama, alhali ganin jinin kaza sumar da ita yake yi. Ashfak yana can yana raka jirgin ƙasa, idan ya dawo gida ma barci yake yi yana jijjiga.

Ki rubuto da wuri, kuma kada ki rage komai.
Taki, Tanno

*

Lahore, shigowar sanyi

Tanzila,

Sallama da fatan alheri. Ba ki girma ba har yanzu. Ni da nake shirin ɗaukar jika za ki yi wa wannan zancen? Allah ya shirye ki.

Tari ya tafi. Ashe hayaƙi ne nake sha shekara da shekaru. Yanzu fanka tana ja, kicin ya yi haske, har ina ganin fuskar Ustad daga wancan ɓangaren, abin da ban tabbata riba ba ce.

Tunda kin ce kada in rage komai: lokacin kifi ya kama, suya ba dare ba rana, don haka Karamat yana zuwa akai-akai ya wanke raga. Wani lokacin kuma yakan biyo ya ce yana wucewa ne ya ji ƙarar fankar ta sauya. Ni ban ji ta sauya ba, amma ba sana'ata ba ce.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu Sugra tana goye. Shi ya raine ta, ya ce har kitso ya koya, yana yi mata da hannun da ya fara wankewa da lemun tsami don kada gashinta ya yi ƙarni. Ya aurar da ita a garin Gujranwala. Yanzu shi kaɗai ne a ɗaki, shi da tsaninsa.

Ga abin da ya dame ni. Wata rana na ba shi kifin da na haɗa wa yaji da hannuna, wanda mutane ke tasowa daga bayan kogi su yi layi dominsa. Ya cinye, ya yi godiya, fuskarsa ba ta motsa ba. Na kasa haƙuri na tambaye shi ko wani abu ya yi kaɗan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bibi ji, ki yafe mini, hancina ya mutu tuntuni. Tururin soda ya kashe shi. Gishiri nake ji, sai zafi. Ragowar duk ɗaya ne."

Tanno, na koma bene na zauna a bakin gado. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kicin ɗin mutane, kansa a saman tukwanensu, bai san me suke dafawa ba.

Tun ranar nake gwaji. In hanci ya mutu ai harshe yana nan. Na yi masa miyar tsamiya mai kauri, na soya albasa har ta yi ƙarau don haƙori ya samu abin ji, na sa yogot mai sanyi a gefen wake mai zafi. Ranar tsamiyar ya tsaya da loma a baki, ya ɗago ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai, ya ce wannan ya iso. Ustad yana ta gunaguni wai an mayar da shagon asibitin harshe.

Ki aiko mini da busassun 'ya'yan rumman irin na wajenku, masu tsamin nan. Na miya ne. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Yayarki, Shagufta

*

Kwetta

Baji,

Salam. Na aiko da rumman ta hannun abokin aikin Ashfak, kuma ban ƙara ko kalma ba, kin gani. Sai dai ina yi wa fankar nan mai yawan ciwo addu'ar Allah ya ƙara mata ciwo.

Amma wata ya wuce har an shiga wani ban ji daga gare ki ba. Na kira mai kemis, ya ce kina lafiya, sai ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. Me ya faru? In ba ki rubuto ba zan sa Ashfak ya ɗora ni a jirgi, ki gan ni da yara duka a ƙofarki, kin kuwa san cinsu.

Taki, Tanno

*

Lahore

Tanzila,

Salam. Rumman ya iso, na gode. Yana nan a kwalba ban buɗe ba.

Karamat ya daina zuwa. Unguwa ta ɗauki zance, ban san daga bakin wa ya fara ba, ko da yake ina zargin mai guntuwar gira. Zancen ya kai kasuwar yadi. Shaikh ya kira Taukir ya tambaye shi, cikin ladabi irin nasu mai yanka, wai shin gaskiya ne gidan da 'yarsa za ta shiga mai kwasar datti yana zama a teburi ɗaya da uwar gida.

Washegari Taukir bai tafi banki da wuri ba. Ya jira a ƙofa. Da Karamat ya iso ya fara kwance tsani, sai ya ce masa an gode, an samu wasu masu aikin, ba sai ya sake wahala ba. Bai ɗaga murya ba. Ina kan matakala ina ji. Karamat ya ce to, Allah ya sa albarka, ya mayar da igiyar ya ɗaure. Na ji tashin babur ɗin har ya ɓace, ƙafata ba ta motsa ba.

Me zan ce? Auren ɗana ne. Yarinyar tana da hankali, kuma yana son ta, ina ganin yadda yake guga rigarsa ranar da za su je gidan. Ba zan zama sanadin rushewarsa ba saboda miyar tsamiya.

Waɗanda Taukir ya kawo sun zo su uku da riguna iri ɗaya. Sun yi aikinsu tsaf, ba ni da ta cewa. Sun gama sun tafi.

Kada ki zo. Lafiyata ƙalau.

Shagufta

*

Zuwa ga Bibi Shagufta, da girmamawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Taukir sahib da Ustad. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna bai yi nisa ba. Ban je wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba don ba na son wani ya ji sunanki. Mai gurasa zai kawo, na ce masa bayanin fanka ne.

Kuma akwai bayanin fankar. Ki ce wa masu zuwa su riƙa buɗe gwiwar bututun da ke bayan tankin ruwa, maiƙo yana taruwa a nan. Kada Ustad ya kunna wuta sai ragar ta bushe. Ke kuma kada ki tsaya kusa idan an zuba soda a ruwan zafi, ko da sun ce ba komai.

Ban riƙe Taukir sahib a raina ba. Da ni ne shi, wataƙila abin da zan yi ke nan. Na san aikina, na san yadda ake matsawa idan na shiga bas.

Abu ɗaya nake so ki sani, daga nan ba zan ƙara damun ki ba. Tun rasuwar uwar Sugra nake cin abinci don in iya hawa tsani. A kicin ɗinki ne na zauna na san ina ci. Ba tsamiyar ba ce kaɗai. Wani ya zauna ya yi tunanin bakina, wannan ban saba da shi ba.

Da ni wani ne, da na turo manya gidanki ta hanyar da ta dace. Ba ni da manya, sai Sugra da mijinta. Kuma ba zan tako ba in ɗanki bai so, don na ga yadda kike kallonsa idan ya shigo.

Allah ya tsare ki, ya tsare shagon daga wuta.
Karamat

*

Kwetta

Baji,

Salam. Na karanta takardarsa da kika sako a cikin taki, ga ta na mayar miki, na san za ki neme ta. Kin rubuta mini layi ɗaya tak, wai in gaya miki me ake yi da irin wannan. Na yi kuka a kan tukunyar shinkafa har ta kama.

Yau ba wasa a bakina. Da Ammi mahaifiyarmu ta rasu ke kika bar makaranta kika riƙe ni. Da mijinki Sarfaraz Bhai ya kwanta ke kika yi jinya, da ya tafi kika riƙe shagonsa, kika kai ɗansa har banki. Ban taɓa jin kin ce ina son kaza ba, ko da ɗan kunne ne. Yanzu kin so abu ɗaya, kuma halal ne, kina tambayata me ake yi da shi.

Ba ni za ki tambaya ba. Taukir ba yaro ba ne, kuma ba mugu ba ne, na goya shi na sani. Ke ba ki faɗa masa komai ba, ya ji daga bakin Shaikh, ya ji daga bakin unguwa. Ki zaunar da shi ya ji daga bakin uwarsa. In bayan nan ya ce a'a, to kin dai faɗa.

Ina miki addu'a kowace sallah. Ashfak ma ya ce in gaya miki yana bayanki, ko da yake shi a bayan kowa yake in dai za a ba shi kifi.

Taki har kullum, Tanno

*

Lahore, ana gab da azumi

Tanno,

Sallama. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Juma'a da safe shago a rufe, na sauko na tarar da Taukir shi kaɗai a kicin, yana tsaye a ƙarƙashin rumfar. Na ce ina da magana. Na yi zaton zai kawo mini zancen Shaikh. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ammi, kicin ɗin nan ya daina ƙamshin Abbu."

Ya ce tun yana ƙarami idan ya dawo makaranta, ƙamshin nan na tsohon mai da hayaƙi ne yake fara tarar sa, shi ne a rigar babansa, shi ne a gemunsa. Bayan rasuwar, duk safiya kafin ya tafi aiki yakan leƙo ya shaƙa. Ranar da aka wanke rumfar ya dawo ya tarar ba komai, sai warin sabulu. Kuma ya ga mutumin da ya kankare shi zaune a kujera, ni ina dariya. Ya ce maganar Shaikh ta zo masa ne kamar an miƙa masa sanda.

Tanno, ƙaton nan mai gashin baki ya kifa kai a kafaɗata yana kuka. Na ce masa ni ma ranar na yi nawa kukan a bene. Na ce babansa ba ya cikin maiƙon nan, shi da ba ya iya barin ɗigo ɗaya ya kwana, da ya ga yadda muka bar rumfarsa da mu duka ya kora. Ya yi dariya hawaye na zuba.

Sannan na faɗa. Ban san inda na samo bakin ba. Na ce Karamat sahib mutumin kirki ne, yana so ya turo, ni kuma ina so ya turo. Na ce in hakan zai raba shi da yarinyar na haƙura, ba zan sake tayar da zancen ba, amma ba zan yi masa ƙaryar cewa ba komai a raina ba. Ya saki kafaɗata, ya fita. Kwana da kwanaki gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Jiya ya dawo da rana tsaka, farar rigarsa ta banki duk ɗigon baƙin maiƙo. Ashe ya bi ta wurin mai gurasa ya gano inda Karamat yake aiki, wani otal wajen tasha. Ya tarar da shi rabinsa a cikin rumfa, tsanin yana rawa, abokin aikinsa ya fita shan shayi. Sai ya kama tsanin. Karamat daga ciki yana cewa a riƙe da kyau, a miƙo makankari, a miƙo tsumma, shi kuma yana miƙawa. Da ya sauko ya ga wanda ke riƙe da shi, wai saura kaɗan ya koma sama.

Na tambaye shi me suka ce wa juna. Ya ce wannan tsakanin maza ne. Ya cire rigar ya ba ni, ya ce wai ko akwai abin da ke fitar da wannan. Yana hawa bene ya tsaya ya ce sun ce za su zo ranar Lahadi, Karamat da 'yarsa da mijinta, a yi shayi mai kyau.

Na ce Shaikh fa? Ya ce shi zai je da kansa ya gaya masa, kafin kasuwa ta gaya masa.

Yayarki, Shagufta

*

Lahore

Tanno,

Salam. Sun zo. Karamat ya sa fararen kaya, sai na ga kamar ban san shi ba. Sugra ta kama hannuna ta ƙi saki. Taukir ne ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. An sa ranar aurenmu, sati na biyu bayan sallah, a gida, ba taro.

Shaikh bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi shawara. Taukir ya rame kaɗan, amma ya hana ni magana a kai. Ki sa shi a addu'a.

Ki taho tun kafin sallah, ke da yaran duka, su cinye shagon in sun so. Na buɗe akwati ban samu abin da ya dace in sa ba, ban kuma san wa zan tambaya ba. Tanno, tsoro nake ji kamar yarinya. Ki zo ki zauna kusa da ni.

Baji